Dundumi Ba Wasa Ba Ne: Abincin Da Idanunmu Suke Buƙata

Darasin da muka liƙa a bango wannan karon ya shafi ido da abinci. Da ido muke kwafar rubutu daga allo, da shi muke karatun dare, da shi kuma za mu shiga ɗakin jarrabawa. Amma in aka tambayi ɗalibi me yake yi don kula da idonsa, yawanci amsar ba ta wuce wanke fuska da safe. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa wani babban kaso na lafiyar ido daga kwanon abinci yake fitowa, kuma akwai makantar da ganyen miya da cokalin mai za su iya hanawa da yardar Allah.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 250,000 zuwa 500,000 ne suke makancewa a duk shekara saboda ƙarancin bitamin A, kuma rabinsu suna rasuwa cikin wata 12 bayan sun rasa ganinsu. Mafi yawan waɗannan yara suna Afirka ne da kudancin Asiya. Sa'o'in ƙannenmu ne da muka baro a gida. Shi ya sa muke roƙon duk wanda ya tsaya a gaban wannan bango ya daure ya karanta har ƙarshe.

Mene ne bitamin?

Bitamin wasu sinadarai ne da jiki yake buƙata 'yan kaɗan, amma in babu su aiki ya tsaya. Tuwo da shinkafa suna ba mu ƙarfi, nama da wake suna gina jiki, su kuwa bitamin su ne suke sa sauran ayyukan su tafi daidai. Mafi yawansu jiki ba ya iya haɗa su da kansa, dole sai an ci su.

Wani masani ɗan ƙasar Folan mai suna Casimir Funk ne ya ƙirƙiro sunan a shekarar 1912. A 1913 kuma, Elmer McCollum da Marguerite Davis a Amurka suka gano cewa akwai wani abu a cikin man shanu da gwaiduwar ƙwai wanda in babu shi ɓerayen gwaji ba sa girma. Shi ne daga baya aka kira bitamin A.

Bitamin kashi biyu ne. Akwai masu narkewa a ruwa, wato dangin B da kuma C, waɗanda yawancinsu jiki ba ya ajiye su da yawa, saboda haka ana son a riƙa cin su a kai a kai. Akwai kuma masu narkewa a mai, wato A da D da E da K. Waɗannan sai da mai suke shiga jiki sosai, kuma jiki yana iya yi musu rumbu. Mu riƙe wannan bambanci, domin za mu sake komawa kansa idan mun zo maganar girki.

Yadda ido yake gani

Haske yana shiga ido ta wani fili garai da ke gaba, wanda ya rufe baƙin ido kamar gilashin agogo. Daga nan ya wuce ta madubin da ke ciki, ya faɗa kan wata siririyar shimfiɗa a can bayan ido da ake kira retina. Ita ce take mayar da haske ya zama saƙo, jijiyar gani ta kai shi ƙwaƙwalwa.

A jikin retina akwai ƙwayoyin gani iri biyu. Iri na farko masu siffar tsinin mazurari ne, ba su wuce miliyan 7 ba, su ne suke aiki da rana, suke bambance mana ja da kore da shuɗi. Iri na biyu masu siffar sanda ne, sun haura miliyan 90 a kowane ido, kuma aikinsu gani a cikin duhu-duhu. A cikin waɗannan 'yan sanduna akwai wani sinadari mai suna rodofsin, wanda ake haɗa shi da bitamin A. Duk lokacin da haske ya taɓa shi sai ya wargaje, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa, sannan ido ya sake haɗa sabo. Masanin da ya fayyace wannan aiki, George Wald na Jami'ar Harvard, yana cikin mutum uku da suka sami lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci a 1967.

Kowa zai iya gwada wannan da kansa. Idan aka ɗauke wuta muna tsakar karatun dare, da farko ba ma ganin ko tafin hannunmu. Bayan 'yan mintuna sai mu fara hango tebur da ƙofa. Abin da ya faru shi ne ido ya shiga tara rodofsin, kuma yakan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhun. Wanda bitamin A ya yi ƙaranci a jikinsa, idonsa ba shi da kayan da zai yi wannan haɗi da su, saboda haka shi duhun ba ya yaye masa.

Dundumi: gargaɗin farko

Wannan shi ne dundumi. Kasancewar Hausa tana da sunansa ya nuna cewa kakanninmu sun daɗe da saninsa. Yaro yana wasa lafiya lau da rana, amma da zarar magariba ta yi sai ya nemi wuri ya zauna, ko ya riƙa tuntuɓe, ko ya kasa gane kwanon tuwonsa sai da lalube. Sau da yawa sauran yara dariya suke yi masa, manya kuma su ce rashin ji ne ko tsoron duhu. Mata masu juna biyu ma sukan gamu da shi, musamman a watannin ƙarshe. Likitocin tsohuwar Masar da na Girka sun san wannan ciwo, kuma da hanta suke maganinsa, dubban shekaru kafin a san abin da ke cikin hantar.

Dundumi yana warkewa cikin 'yan kwanaki idan aka ba da bitamin A. Haɗarin yana cikin sakaci, domin bitamin A yana da aiki na biyu a ido: shi ne yake kula da danshin fatar da ta lulluɓe gaban ido. Idan ƙarancin ya ci gaba, ga yadda abin yake tafiya:

1. Farin ido ya bushe, ya daina ƙyalli, ya yi yamutse.
2. Wani farin tabo mai kama da kumfar sabulu ya fito a gefen farin ido. Likitoci suna kiransa tabon Bitot, da sunan likitan Faransa da ya bayyana shi a 1863.
3. Gilashin gaban ido ya bushe ya yi hazo-hazo.
4. Gyambo ya fito a kansa, ya yi laushi ya narke. Wannan mataki yana iya faruwa cikin kwana ɗaya ko biyu.
5. In yaron ya rayu, sai a bar shi da farin tabo a kan baƙin ido, wanda ke tare haske har iyakar rayuwarsa.

Matakan farko ana iya juya su. Na ƙarshe kuwa, bakin alƙalami ya bushe. Kuma ba dole ne ciwon ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba, domin yaron da ke fama da ƙyanda ko tamowa yana iya faɗawa mataki na huɗu kai tsaye. Muna kuma tunatarwa cewa akwai wani nau'in dundumi da ake gadonsa, akwai kuma wanda wasu cututtukan ido suke jawowa, saboda haka duk mai dundumi asibiti ya kamata a kai shi a duba.

Ƙyanda, gudawa da ƙannenmu

Hanta ita ce rumbun bitamin A a jikin mutum. Babban da ke cin abinci mai kyau yana iya tara abin da zai ishe shi watanni. Ƙaramin yaro kuwa rumbunsa ƙarami ne, ga shi yana girma da sauri. Idan ƙyanda, wadda wasu suke kira baƙon dauro, ta kama shi, ko gudawa ta daɗe a jikinsa, ba ya iya cin abinci, hanjinsa ba ya tsotsar abin da ya ci, jikin kuma yana ƙone ɗan abin da ya rage. Nan da nan rumbu ya zama wayam. Wannan ne dalilin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk yaron da ƙyanda ta kama a ba shi bitamin A sau biyu, yau da gobe, a hannun ma'aikacin lafiya. Yaron da ke ƙyanda ya ƙi buɗe ido, a garzaya da shi asibiti, kada a ɗiga masa ruwan ganye ko wani haɗi na gida.

Wani likitan ido ɗan Amurka, Alfred Sommer, ya yi shekaru yana bincike a ƙasar Indunusiya. Ya lura cewa yaran da ke da dundumi ko tabon Bitot sun fi sauran yara mutuwa. Sai shi da abokan aikinsa suka yi gwaji a ƙauyuka 450 na lardin Aceh, da yara kimanin 26,000. Sakamakon da suka fitar a 1986 ya nuna cewa a ƙauyukan da aka raba wa yara bitamin A, mace-mace sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Daga nan duniya ta gane cewa bitamin ɗin da ke kare ido yana kuma ƙarfafa garkuwar jiki. Ido dai shi ne yake fara tona asirin abin da ke faruwa a ciki.

Ina za mu sami bitamin A?

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce abincin da ya fito daga dabbobi, inda bitamin ɗin yake a shirye: hanta, gwaiduwar ƙwai, man shanu, madara da kindirmon da ba a cire musu mai ba. Hanta ta fi kowa, domin ɗan yanka kaɗan ya fi ƙarfin buƙatar yini guda. Ga jariri kuwa, babu kamar nonon uwa, musamman dakashi, wato ruwan nonon farko mai kauri da launin rawaya. A wasu gidaje har yanzu ana matse shi a zubar da sunan ƙazanta, alhali shi ne guzurin farko na idon jariri da garkuwar jikinsa.

Hanya ta biyu ita ce tsirrai. Su suna ɗauke da wani launi mai suna karotin, wanda jiki yake juya shi ya zama bitamin A. Ana gane su da kala:

- Masu launin ja-ja ko ruwan lemu: manja, karas, kabewa, nunannen mangwaro, nunanniyar gwanda, jan tattasai, da dankalin Hausa mai jan ciki.
- Ganyaye masu duhun kore: zogale, alayyahu, rama, yakuwa, lalo, tafasa, ganyen kuka da ganyen wake. Karotin yana nan a cikinsu, koren ne kawai ya rufe shi.

Farar shinkafa, farar masara, garin rogo fari da dankalin Hausa mai farin ciki kusan ba su da komai na wannan bitamin. Gero da dawa ma abin da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba. Ke nan mutum zai iya ƙoshi da tuwo sau uku a rana, idonsa kuma yana jin yunwa. Masana suna kiran wannan hali ɓoyayyiyar yunwa. Amfanin tuwo ga ido yana cikin miyar da aka ci shi da ita.

Game da adadi, ma'aunin da masana a Amurka suka fitar ya nuna cewa mai shekara 9 zuwa 13 yana buƙatar maikirogiram 600 a rana. Daga shekara 14, namiji yana buƙatar 900, mace kuma 700. Maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, saboda haka duk buƙatar yini ba ta kai nauyin ƙwayar gero ba. Karas matsakaici guda ɗaya yana biyan kusan rabin wannan buƙata ko fiye.

Girki yana iya gyarawa, yana iya ɓatawa

Samun ganye a gida bai wadatar ba, sai an san yadda za a sarrafa shi. Ga ƙa'idoji huɗu da za mu iya kai wa iyayenmu mata cikin ladabi.

Ta farko, a haɗa da mai. Mun ce bitamin A a mai yake narkewa. Ganyen da aka ci ba tare da maiƙo ba, kaso mai yawa na karotin ɗinsa yana wucewa ne kawai. A nan dole mu jinjina wa iyayenmu, domin kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa haɗi ne da ya dace da abin da kimiyya ta gano. Haka miyar taushe da kabewa da alayyahu da gyaɗa.

Ta biyu, kada a soya manja har ya yi fari. Jan da ke cikin manja shi ne karotin ɗin. In aka bar shi a wuta yana hayaƙi har launin ya gushe, mai ne kawai ya rage.

Ta uku, a shanya ganye a inuwa. Hasken rana kai tsaye yana lalata karotin. Kuka ko zogalen da aka busar a inuwa mai iska yana riƙe korensa, wanda kuwa aka baza a rana ya koɗe ya rasa da yawa daga amfaninsa. Bayan ya bushe a zuba shi a mazubi mai murfi, a ajiye inda babu haske.

Ta huɗu, a dafa ganye daidai wa daida. Ɗan dahuwa yana taimakawa karotin ya fito, amma doguwar dahuwa tana kashe bitamin C, kuma tsiyaye ruwan yana tafiya da shi tare da dangin B. Ya fi kyau a wanke ganye kafin a yanka, a kuma zuba shi a miya dab da saukewa.

Akwai kuma maganar lokaci. Mangwaro yana cika kasuwa da bazara, ɗanyen ganye da damina, karas da hunturu da farkon rani. Tunda hanta tana ajiya, wanda ya ci kowanne a lokacin araharsa yana tara wa kansa guzuri ne na watannin da babu.

Sauran abokan aikin ido

Bitamin A ne jagora, amma ba shi kaɗai yake aikin ba.

*Furotin da zinki.* Bitamin A ba ya iya barin hanta ya je ido da kansa. Akwai wani furotin da hanta take haɗawa wanda yake ɗaukarsa cikin jini, kamar ɗan dako, kuma zinki yana taimakawa wajen wannan aiki da wajen sarrafa bitamin ɗin a retina. Shi ya sa yaro mai tamowa ya fi kowa shiga haɗari. Ana samun su a nama, kifi, ƙwai, wake, waken suya da awararsa, gyaɗa, riɗi da agushi.

*Lutin da ziyazantin.* Waɗannan launuka ne guda biyu da suke taruwa a tsakiyar retina, daidai wurin da muke karatu da gane fuskoki da shi, har suka mayar da wurin rawaya. Suna tace wani ɓangare na haske mai ƙarfi. Suna cikin ganyaye masu duhun kore, gwaiduwar ƙwai da masara mai launin rawaya.

*Bitamin C da E.* Ido yana shan haske yini guda, kuma wannan yana haifar da wasu sinadarai masu lahani ga ƙwayoyinsa. Waɗannan bitamin biyu suna cikin masu kare shi. Ruwan da ke cikin gaban ido yana ɗauke da bitamin C wanda ya ninka na cikin jini sau da yawa. Gwaiba, lemu, garin 'ya'yan kuka, tumatir da tattasai suna da C. Gyaɗa da man gyaɗa da manja suna da E.

*Man kifi.* Wani nau'in mai da ake kira omega-3 yana cikin kayan ginin retina, kuma jariri yana buƙatarsa tun yana ciki. An fi samunsa a kifin teku mai maiƙo, irin sadin da kifin ƙanƙara da ake sayarwa a kasuwanninmu.

*Dangin bitamin B.* Su ne suke kula da jijiyoyi, har da jijiyar gani. Tsakanin 1991 da 1993, lokacin da abinci ya yi ƙaranci a ƙasar Kuba bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, mutane kimanin 50,000 suka kamu da ciwon jijiya, da yawansu ganinsu ya dusashe. Masu shan taba sun fi shan wahala. Da gwamnati ta raba wa jama'a ƙwayoyin bitamin, sai annobar ta lafa. Muna samun dangin B a hatsin da ba a surfe shi ƙwarai ba, wake, madara, ƙwai, nama da kifi.

Akwai kuma abin da yawansa ne matsala. Ciwon suga yana lalata ƙananan hanyoyin jini na retina, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke makantar da manya a duniya. Sabon shan lemun kwalba da kayan zaƙi tun daga ƙuruciya ba alheri ba ne ga ido a gaba.

Abin da hukumomi suke yi

A Nijeriya ana gudanar da makon lafiyar mata da ƙananan yara sau biyu a shekara, inda ake ɗiga wa yara bitamin A a baki kyauta. Ɗan wata 6 zuwa 11 ana ba shi shuɗin ƙwanso, ɗan wata 12 zuwa 59 kuma ja, wanda ƙarfinsa ya ninka na shuɗin. Allurar rigakafin ƙyanda kuma ana yin ta a wata 9, a maimaita a wata 15.

Tun daga 2002 doka ta wajabta wa kamfanoni su ƙara bitamin A a cikin sukari, man girki da fulawa. Alamar da ake bugawa a jikin irin waɗannan kaya hoton ido ce da harafin A. Idan aka aike mu kanti, mu duba ta.

Masana aikin gona ma sun shigo ciki. A 2011 aka fitar da irin rogo mai launin rawaya a Nijeriya, aikin cibiyar IITA ta Ibadan da cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike. Akwai kuma masara mai ruwan lemu da dankalin Hausa mai jan ciki. A 2016 lambar yabo ta abinci ta duniya ta tafi ga mutum huɗu da suka yi aiki a kan irin waɗannan amfanin gona: Maria Andrade, Robert Mwanga, Jan Low da Howarth Bouis. Biyun farko 'yan Afirka ne.

Iyakar abin da abinci zai iya

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, matuƙan jiragen yaƙin Birtaniya sun riƙa harbo jiragen Jamus cikin dare da taimakon na'urar rada, wadda a lokacin sirri ce. Sai aka baza labarin cewa karas suke ci shi ya sa suke gani a duhu, har ana yi wa ɗaya daga cikinsu, John Cunningham, laƙabi da mai idon kyanwa. Gaskiyar magana ita ce karas yana gyara ganin wanda ke da ƙarancin bitamin A, amma ba ya ƙara wa mai lafiya gani.

Saboda haka ɗalibin da ba ya ganin allo daga bayan aji, ko yake matse ido in zai karanta, mai yiwuwa tabarau yake buƙata, kuma buhun karas ba zai maye gurbinsa ba. Sanya tabarau ba abin kunya ba ne. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa a tsakanin masu shekara 40 zuwa sama, yanar ido ce kan gaba wajen jawo makanta, sai gilakoma, ciwon da ke lalata jijiyar gani a ɓoye. Yanar ido aiki ake yi mata, gilakoma kuma magani da kulawar likita take so. Akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano, da sassan ido a manyan asibitocin jihohi.

Ƙwayoyin bitamin na kemis ma sai an yi hattara. Wani babban bincike da Cibiyar Ido ta Amurka ta fitar a 2001 ya nuna cewa wani haɗi na bitamin C da E da karotin da zinki ya rage saurin lalacewar tsakiyar retina da kusan kashi 25 cikin 100, amma fa ga tsofaffin da ciwon ya riga ya kai wani mataki a idonsu. A zagaye na biyu, wanda ya fito a 2013, an nuna ya fi kyau a sauya karotin da lutin da ziyazantin, domin ƙwayar karotin tana ƙara haɗarin sankarar huhu ga masu shan taba. Matashi mai lafiya ba ya cikin waɗanda aka yi wannan haɗi dominsu.

Kuma tunda jiki yana ajiye bitamin A, yawansa guba ne. Yana kawo ciwon kai da amai, yana lahanta hanta, yana kuma iya nakasa ɗan da ke ciki. Mai juna biyu kada ta sha jan ƙwanson yara, kada kuma ta yawaita cin hanta, sai da shawarar ma'aikatan lafiya. Ganye da 'ya'yan itatuwa ba su da wannan haɗari, domin jiki yana juya iya abin da yake buƙata ne daga cikinsu.

Aikin da ke gabanmu

Ilimin da bai fita daga aji ba, bai gama amfani ba. Ga abin da muke ba da shawara:

1. Mu duba kwanonmu kullum. In babu kore ko ja a ciki, mu nema. Kuɗin tara da muke sayen alewa da biskit zai iya sayen karas, gwaiba ko kwaɗon zogale.
2. Idan mun je gida, mu lura da ƙannenmu da magariba. Wanda yake tuntuɓe ko lalube, mu sanar da iyaye a kai shi asibiti, kada mu yi masa dariya.
3. Mu duba katin rigakafinsu, mu kuma tunatar da Mama idan makon ɗigon bitamin A ya zo.
4. Muna roƙon malamanmu na aikin gona su taimaka mana mu dasa zogale da gwanda a gonar makaranta. Zogale yana jure fari, yana kama ƙasa ko da reshensa aka dasa, kuma cikin 'yan watanni ake fara tsinkar ganyensa.
5. Muna roƙon malaman aji su lura da ɗalibin da kullum yake kwafa daga littafin maƙwabcinsa maimakon allo. Wataƙila ba lalaci ba ne.

Ranar Gani ta Duniya tana faɗowa ne a Alhamis ta biyu ta watan Oktoba a kowace shekara. Zai yi kyau idan ta zagayo ta tarar da shukokinmu sun yi ganye. Rigakafi dai ya fi magani.

Gwada kanka

1. Waɗanne ƙwayoyin gani ne suke aiki a duhu, kuma wane sinadari ne a cikinsu?
2. Kawo alamomi uku na ƙarancin bitamin A a ido.
3. Me ya sa kwaɗon zogale da mai ya fi zogalen da aka ci gaya?
4. Me yake faruwa da manja idan aka soya shi har ya yi fari?
5. Kawo matsalolin ido guda biyu da abinci ba ya maganinsu.

A rubuta amsa a takarda da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Juma'a. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci duka a fitowa ta gaba. Allah Ya kare mana ganinmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta